Filin Tambaya da Amsa: Kyamara Zan Saka Ko Ƙararrawa, Kuma Wa Zan Damƙa wa Aikin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne, na kammala ginin gidana a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano ta wajen Kumbotso, kuma watanni biyar ke nan da muka tare da iyalina. Unguwar ba ta cika ba tukuna, domin kangaye da filaye ne suka kewaye mu, kuma a watan jiya an haura gidan maƙwabcina da tsakar dare an ɗauke masa babur da baturan sola. Na kira kamfanoni biyu sun duba gidan. Na farko ya ce zai saka mini kyamarori takwas waɗanda zan riƙa kallo ta wayata, in biya sau ɗaya shi ke nan. Na biyu ya ce ƙararrawa zai haɗa mini a ƙofofi da tagogi, in riƙa biyan kuɗi duk wata, su kuma su turo ma'aikatansu duk lokacin da ta yi ƙara. Abin da ke hannuna ba zai ishe ni duka biyun ba. Wanne ya kamata in fara da shi, kuma ta yaya zan gane kamfanin da za a iya amince wa? Daga mai karanta filinku, Kumbotso, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya kuma mayar wa maƙwabcinka da alheri. Kafin ka zaɓi ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu, ina so ka zauna ka yi wa kanka wata tambaya da babu ɗayansu da zai yi maka ita da kansa: idan mutum ya dira cikin gidanka da ƙarfe biyu na dare, wa zai sani a wannan lokacin, kuma wa zai zo? Duk na'urar da za ka saya, da wannan tambayar za ka auna ta.

Kyamara shaida ce. Tana ganin abin da ya faru, tana adana shi, kuma washegari za ka iya ɗaukar hoton ka kai caji ofis. Amma da ƙarfe biyu na dare kana barci, wayarka tana gefen gado, babu mai kallon allon, kuma ɓarawon da ya rufe fuskarsa da rawani ko hular sanyi bai damu da a ɗauke shi hoto ba. Gaskiya ne kyamarorin zamani suna aika saƙo zuwa waya idan sun ga motsi, sai dai wanda ya taɓa amfani da su ya san cewa kyanwa da ƙadangare da reshen darbejiya da iska ke kaɗawa duk motsi ne a wurinsu, kuma bayan mako guda na saƙonnin banza yawancin mutane kashe sanarwar suke yi gaba ɗaya. Ƙararrawa kuwa aikinta ta tashe ka, ta tashi maƙwabta, ta kuma sanar da ɓarawo cewa an san da zuwansa, wanda shi ne abin da ya fi tsana, domin sana'arsa ta dogara ne ga shiru da lokaci. Saboda haka a gida irin naka, inda mutane ke kwana a ciki kuma matsalar ta masu haurowa da dare ce, ra'ayina shi ne ka fara da ƙararrawa, kyamara ta biyo baya idan hali ya samu, kuma ko da ta biyo bayan, guda biyu ko uku da aka kafa a inda ya dace, wato bakin get da ɓangaren baya na gidan da wurin ajiye mota, sun fi takwas da aka warwatsa don cika lissafi.

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi wutar lantarki, kuma a nan ne yawancin ayyukan tsaro na gidajenmu suke mutuwa ba tare da masu gidan sun lura ba. Kai da kake ƙarƙashin KEDCO ba sai an gaya maka cewa wuta na iya ɗaukewa da magariba ta kai wayewar gari ba ta dawo ba. Mu yi lissafi mai sauƙi. Kyamara ɗaya, idan fitilunta na ganin dare suna aiki, takan ci kimanin wat 6 zuwa 8. Guda takwas ke nan sun kai wat 50 zuwa 65, sannan ka ƙara akwatin da ke adana hotuna da na'urar intanet, sai ka tarar kana wajen wat 80 zuwa 100. A dare mai awa goma, wannan ya kusa wat-awa 1,000. Baturin inbata na bolt 12 mai ƙarfin amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan irin na dalma ne, bai kamata a riƙa zuƙe fiye da rabinsa ba in ana so ya daɗe, wato abin da kake da shi a zahiri bai wuce 600 ba. Ka ga ke nan kyamarori takwas za su iya mutuwa tun kafin asuba, daidai lokacin da ake buƙatar su, sai fa idan kana da sola mai ƙarfi ko ka ware musu baturi nasu na kansu. Akwatin ƙararrawa kuwa wat kaɗan yake ci, kuma yana zuwa da ɗan baturinsa a ciki, galibi na bolt 12 mai amfiya-awa 7, wanda ke riƙe shi awanni masu yawa. Duk kamfanin da ya ba ka farashi bai tambaye ka awa nawa kuke samun wuta a rana ba, bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani yana so ka dawo ka sake biya. Ka kuma tuna cewa zafin ƙasarmu yana rage wa baturi kwana, don haka ka tambaya tun yanzu wa zai riƙa gwada shi, kuma nawa ne canjinsa.

Yanzu mu koma kan kamfani na biyu da alƙawarinsa na turo ma'aikata, domin wannan alƙawarin shi ne ainihin abin da za ka riƙa biyan kuɗi a kansa duk wata. Abu na farko, kamfanin da ke ba da masu gadi ko masu kai ɗauki a Najeriya dole ne ya kasance yana da lasisi a ƙarƙashin dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986, kuma hukumar Sibil Difens, wato NSCDC, ita ce ke tantance su tana kuma sa ido a kansu. Takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin ita shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista. Ka nemi su nuna maka lasisin, ka duba ko an sabunta shi, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba ka leƙa ofishin hukumar na jiha ka tambaya. Abu na biyu, wanda masu talla ba su cika faɗa ba, shi ne wannan dokar ta hana ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni ɗaukar bindiga. Wanda zai zo maka da sanda da tocila zai iya korar ɓarawon babur, amma ba zai tunkari 'yan fashi masu makami ba, kuma bai kamata ka sa ran hakan daga gare shi ba. Don haka ka tambaye su dalla-dalla wace alaƙa ke tsakaninsu da caji ofis ɗin yankinku, wa ke kiran 'yan sanda idan abu ya faru, kuma daga ina motarsu take tasowa. Kamfanin da ofishinsa ke tsakiyar birni, motarsa guda ɗaya, ya ce zai iso bayan Kumbotso cikin minti goma da daddare a kan hanyar da ba kwalta, labari yake ba ka. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kana da damar yin gwaji, sannan wata rana da dare, ba tare da ka sanar da su ba, ka tayar da ƙararrawar ka duba agogo.

Idan ka ga ba za su iya isowa a kan lokaci ba, kada ka ɗaure kanka da biyan wata-wata. Ana samun akwatunan ƙararrawa masu ɗaukar layin waya, waɗanda da zarar an taɓa ƙofa za su kunna jiniya su kuma kira lambobin da ka tsara musu ɗaya bayan ɗaya: taka, ta maƙwabtanka biyu ko uku, da ta shugaban 'yan sintirin unguwa. A unguwa sabuwa irin taku, mutumin da ke tazarar gida uku ya fi motar da ke tazarar kilomita goma sha biyar amfani. Kuɗin da za ka ba kamfani duk wata, idan kuka haɗa shi da na maƙwabta ta hannun mai unguwa kuka ƙarfafa sintirin dare, kuka kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda jiniyarsa ta tashi kowa zai kunna fitilunsa na waje ya fito bakin ƙofa, zai iya yi muku aikin da ya fi haka. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma yana da kyau kowa a gidan ya haddace ta, amma ka adana lambar caji ofis ɗin yankinku ma, domin su ne suka san lungunan unguwar.

Game da layin wayar, akwai abubuwa biyu da ake mantawa da su. Layin da ke cikin akwatin yana buƙatar kuɗi da rajista kamar kowane layi, kuma idan aka bar shi watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa na iya rufe shi, ƙararrawar ta ci gaba da zama a bango tamkar lafiya lau alhali ba ta iya kiran kowa. Sannan sabis ɗin kansa ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi irin haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wannan ne ya sa nake fifita akwatin da ke ɗaukar layi biyu na kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, nake kuma dagewa a kan jiniya mai ƙarfi a waje, mai baturinta a jikinta, a kafa ta can sama inda hannu ba ya kai wa, domin ita ba ta jiran sabis.

Su kansu na'urorin da ke gano shigowar mutum iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai ta maganaɗisu da ake liƙawa a ƙofa ko taga, wadda ke sanarwa da zarar an buɗe; ba ta da tsada, ba ta cika yin ƙarya ba, kuma za ka iya barin ta a kunne kuna cikin gida kuna zirga-zirga. Akwai kuma mai gano motsi, wadda ke aiki ta hanyar bambance ɗumin jikin mutum da na abin da ke bayansa. A nan ne yanayinmu ke shigowa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma bango ke riƙe zafi har cikin dare, bambancin da ke tsakanin jikin mutum da bangon yana raguwa, sai ƙarfin ganin na'urar ya ragu. A gefe guda kuma, idan an kafa ta tana fuskantar taga mai rana, ko kusa da inda tsaka ke bi, ko a tsakar gidan da ake kiwon awaki da kaji, za ta riƙa tayar da ku a banza har ku gaji ku kashe ta, kuma ƙararrawar da aka kashe ba ta da bambanci da wadda ba a saya ba. Don waje, ka nemi irin wadda ke haɗa hanyoyin ganowa biyu, ba ta yin ƙara sai duka biyun sun yarda, ko kuma irin mai zaren haske da ake jerawa a saman katanga. Ma'aikacin kirki zai zagaya gidanka ya tambayi inda kuke kwana, da ƙofar da ake fita alwala da asuba, da ko akwai dabbobi, kafin ya ce komai a kan farashi.

Saura batun amana. Mutumin da zai haɗa maka wannan aiki zai shiga kowane ɗaki, zai san inda wayoyi suka bi, da inda na'ura ba ta gani, kuma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ka nemi kamfanin ya haɗa ka da mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki fiye da shekara guda da ta wuce, ka je ka tambaye su ko yana ɗaga waya idan abu ya lalace. Ka tabbatar an rubuta cewa kayan naka ne, an rubuta sunan kowace na'ura da lambarta da tsawon garantinta, domin kasuwa cike take da jabun kaya masu ɗauke da sunan sanannun kamfanonin kyamara irin su Hikvision ko Dahua, da wayoyin da aka shafa wa jan ƙarfe a sama alhali cikinsu sanholo ne. Kada ka biya kuɗi duka kafin a gama a gwada a gabanka. Ranar da aka gama kuma, ka karɓi babbar lambar sirrin akwatin ka canza ta da hannunka. Wani ɗan'uwana ya taɓa zama wata huɗu yana alfahari da kyamarorinsa, sai ranar da aka sace masa injin ban ruwa ya gano cewa faifan da ke adana hotunan ya mutu tun da daɗewa, wanda ya haɗa masa kuma ya canza lambar wayarsa. Tun daga lokacin nake ba kowa shawarar ya ware rana ɗaya a wata ya buɗe ƙofa da gangan, ya ji jiniya, ya ga kira ya shigo, ya kuma duba hoton jiya.

Kafin duk wannan, ka duba ƙyauren ƙofar baya da sakatunsa da hasken da ke kewayen gidan, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fitilar sola mai kunna kanta idan ta ga motsi tana daga cikin mafi arahar abin da za ka iya saya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya Legas da Kwatano, ni da yara da 'yar aiki muke zama a gida. Yana so a saka kyamarori har cikin falo da tsakar gida domin ya riƙa ganin halin da muke ciki daga duk inda yake. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, domin ban san ko wanda ya haɗa su ma zai iya ganin mu ba. Shin tsorona yana da tushe? Daga wata uwargida, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana da tushe ƙwarai. Duk kyamarar da maigida zai iya kallo daga Legas, ta intanet hotonta ke bi, kuma duk wanda ke da sunan shiga da kalmar sirrinta zai ga abin da yake gani. Masu haɗawa da yawa sukan yi rajistar na'urar da asusunsu domin sauƙin gyara, sannan su ba mai gida izinin kallo kawai, ta yadda a zahiri su ne masu ita. Haka kuma kyamarorin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ganima ce ga masu kutse; a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ƙwace dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarorin tsaro, ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin sirri da kowa ya sani. Maganin shi ne asusun ya kasance da lambar waya da imel na maigida ko naki, a canza kalmar sirri bayan ma'aikacin ya tafi, a duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo a goge duk wanda ba a sani ba.

Ko da an yi duk wannan, shawarata ita ce kada a saka kyamara a inda mata ke zama ba lulluɓi, kuma tsakar gidan Bahaushe tana cikin irin waɗannan wurare, balle ɗakunan kwana, har da na 'yar aiki, wadda ita ma 'yar mutane ce mai haƙƙi, kuma ya kamata a sanar da ita duk inda kyamara take. Bakin get, da zaure, da wurin ajiye mota, da bayan katanga sun wadatar wajen sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. A kuma lura da inda kyamarar saman bene ke kallo, kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabta, domin addini ya hana, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidajen 'yan ƙasa, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi ta ɓarawo daɗewa. Idan damuwar maigida lafiyarku ce, abin da ya fi yi muku amfani shi ne maɓallin neman agaji, ɗaya a gefen gadonki ɗaya a kicin, wanda da kin danna zai tayar da jiniya ya kuma kira shi da maƙwabcin da kuka amince da shi. Ki gabatar masa da maganar ta wannan fuskar, ina kyautata zaton zai fahimta.

Tambaya: Malam, ina so in saka waya mai wuta a saman katangata maimakon fasassun kwalabe, amma ina tsoron kada ta kashe yaran maƙwabta masu hawa ɗauko ƙwallo. Sannan duk tagogina suna da ƙarafa. Akwai wani abin da ya rage? Daga Samaru, Zariya.

Amsa: Malam, wayar katanga ta gaskiya ba daga wutar gida kai tsaye take sha ba. Akwai akwati na musamman da ke aika bugu gajere mai ƙarfin bolt dubbai, kimanin sau ɗaya a daƙiƙa, wanda ke girgiza mutum ya sa ya saki ba tare da ya riƙe shi ba, kuma idan aka yanke wayar ko aka haɗa ta da ƙasa sai ya tayar da jiniya. Wannan sanarwar ita ce rabin amfaninta. Abin da ke kisa shi ne aikin ganganci na masu jona waya tsirara da wutar gida ko ta janareta, kuma wanda ya yi haka har rai ya salwanta zai amsa tambaya a gaban alƙali. Ka sa a kafa ta a saman katanga mai tsayi, a rataya allunan gargaɗi, a kafa ƙarfen da ke shiga ƙasa yadda ya kamata domin busasshiyar ƙasar rani tana rage mata ƙarfi, a kuma riƙa sare rassan da ke taɓa ta, musamman da damina. Yaran maƙwabta kuwa, ka gaya wa iyayensu, kuma ka sanar da yaran cewa duk wanda ƙwallonsa ta faɗo ya ƙwanƙwasa ƙofa za a miƙo masa.

Ƙarafan tagoginka su ne suka fi damuna. Abin da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana iyalinka fita idan gobara ta tashi ta tare ƙofa, kuma lokacin hunturu, da ake shiga ɗaki da garwashi ana kuma barin abin dafa ruwa a jone, irin wannan musiba ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu. Ka sa mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɓangaren kwana ya zama mai buɗewa daga ciki, a rataye makullinsa kusa da tagar inda hannun na waje ba zai kai ba, kuma kowa a gidan, har da yara masu wayo, ya san wurin. Sannan ka sayi na'urar gano hayaƙi mai baturi ka liƙa a silin ɗin hanyar da ke tsakanin ɗakunan kwana, ka riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu, kuma idan janaretanka yana kusa da taga, ka matsar da shi nesa ka ƙara da na'urar da ke gano gubar hayaƙinsa, domin wannan gubar ba ta da wari kuma cikin barci take ɗaukar mutane.